Talata a Garwa: abincin rana a shagon salak

Hazo ya sauko yau tun asuba a nan Garwa, arewacin Kamaru, daga bakin gadar Binuwai ba a hangen ɗaya ƙarshen. Shayi kawai na kurɓa na fita, don motar shinkafar da Alhaji ke jira daga Ngaundere ta iso cikin dare, kuma ba a shigar da buhu sito sai an ƙirga a gabana. Daga ƙirga sai lissafi, daga lissafi sai gardamar wani ɗan kasuwa da ya rantse ya biya kuɗin da babu su a littafi. Kafin in ɗago kai an kira azahar, cikina kuwa sai ƙugi yake.

A da, in yunwa ta kama ni a irin wannan lokaci ba na dogon tunani. Ga mai tsire a bakin titi, ga mai taliya da soyayyen ƙwai, ga mai fanke da wake, kowa ya san ni. Amma tun da aka auna ni aka ce jinina ya fara hawa, maman yara ta sa min ido, gishiri ma a gida sai ta auna. Abincin rana ne ya gagare ta. In koma gida unguwar Yelwa in ci in dawo, kuɗin kilando ne, wato babur ɗin haya, sau biyu, ga lokacin da Alhaji ba zai ba ni ba.

Bayan salla ɗan Alhaji na biyu ya ce, "Kawu, zo mu je in nuna maka wurin da nake ci." Wani sabon shago ne bayan babbar kasuwa, an ce masu shi suna da irinsa a Marwa da Ngaundere. Salak kawai suke sayarwa, sai ruwan 'ya'yan itace. Da shiga za ka tarar da dogon kanta mai gilashi, a ciki an jera kwanoni: latas, kabeji, tumatir, kokwamba, karas gogagge, albasa, koren tattasai, dafaffen wake, masara, fiya, dafaffen ƙwai, yankakkiyar kaza, gasasshen kifi. Kana tafiya kana nunawa da yatsa, yarinya na zubawa, a ƙarshen kanta ka biya. Ba a ɗora tukunya, ba a jiran mai ya yi zafi. Ko mai tsire bai fi su sauri ba, shi da sai ya mayar da nama kan wuta tukuna.

Yarinyar ta fara min da Faransanci, ta koma Fillanci, da ta ji na amsa da Hausa sai ta yi dariya ta ce, "To Baba, me za a sa?" Na ce a sa min ganye da yawa, da wake, da rabin fiya, da kifi. Karfasa ce, ta ce daga tafkin Lagdo ake kawo musu.

A ƙarshen kantar ne na tsaya kallo. Mutumin da ke gabana, wani ma'aikaci da lakatayi a wuya, ya zaɓi ganye mai kyau, sannan ya sa aka malala masa mayonez har latas ya ɓace, aka bi da madarar gwangwani mai zaƙi, aka ɗora soyayyen dankali, ya ɗauki burodi guda da lemun kwalba. Yana biya yana gaya wa abokinsa cewa shi yanzu ya daina cin abinci mai nauyi. Ban ce komai ba, cikinsa ne. Amma mayonez fiye da rabinsa mai ne, kuma abin da ke cikin kwanon nan ya ɗara tsirena na da ta kowace fuska, illa dai shi yana da kore a ƙasa. Ni na ce a matsa min lemun tsami, a ɗiga mai kaɗan, kada a sa gishiri. Ta ce, "Baba, ba zai yi daɗi ba fa." Na ce ta bar ni da shi.

Kafin in karɓa na yi mata tambayar da ta fi damuna: da wane ruwa kuke wankewa? Duk wanda ya taso a arewacin ƙasar nan ya san dalilin tambayar. Mun ga abin da kwalara ta yi a yankin Marwa a 2010, kuma mun san ba kowane lambu ake shayarwa da ruwa mai tsabta ba. Ɗanyen ganye ba ya bi ta wuta, abin da ya zo da shi daga lambu da shi zai shiga cikinka. Ba ta ji haushi ba, ta ɗaga labulen baya ta nuna min robobi uku a jere: na farko a cire ƙasa, na biyu da ɗigon jabel, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, a jiƙa, na uku a ɗauraye. Wata dattijuwa na zaune tana raba latas ganye-ganye. A raina na ce, rabin kuɗin da zan biya na wannan matar ne, kuma ba na ƙyashi.

Kuɗin kuwa, jaka biyu da rabi, wato sefa dubu biyu da ɗari biyar. In ba kifi, jaka ɗaya da rabi. Da jaka ɗaya nakan ci tsire da burodi in sha folere, wato zoɓo, mai sanyi, har canji ya rage.

Muna ci yaron nan yana ba ni labari. Abokinsa da ke karatu a Amurka ya ce can irin waɗannan shaguna sun cika birane, ma'aikata na layi da rana. Ya nuna min ɗaya a waya, Sweetgreen, wanda wasu ɗalibai uku na jami'ar Georgetown suka buɗe a Washington a 2007, yanzu rassansa sun haura ɗari biyu. Kwano ɗaya yakan kai dalar Amurka 15, wato wajen jaka takwas zuwa tara a kuɗinmu. Na ce masa to mu gode wa Allah da Binuwai. Yanzu lokacin sanyi ne, lambunan bakin kogi sun yi kore shar, latas da tumatir sun yi araha, albasa kuwa daga nan har Marwa ba a maganarta. Fiya ce kawai baƙuwa a kwanon, daga kudu take hawowa, shi ya sa rabi ake ba ka.

Daɗi? Cokali uku na farko bakina neman gishiri yake. Daga baya tsamin lemun da zaƙin karas suka fito, kifin kuma da ɗuminsa. Waken ne ya riƙe cikin. In da ganye zalla na ci, da na tashi kamar ban zauna ba. Ma'aikaciyar jinyar da ta auna ni ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya na son mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, kuma dankali da rogo ba sa cikin lissafi. Gishiri kuwa kada ya kai giram 5, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin magi da burodi. Ban ɗauki sikeli ba, amma na san yau na fi kusa da abin da ta faɗa fiye da kullum.

Na koma shago ba tare da gyangyaɗin nan na bayan taliya ba. Na gama lissafin sito kafin la'asar, abin da Alhaji ma ya lura da shi. Da na gaya masa abin da na ci sai ya ce, "Malam, ciyawa ka saya jaka biyu da rabi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, da kifi a kai." Wajen ƙarfe biyar dai yunwa ta dawo, na sayi gyaɗa marau-marau a hannun wata yarinya.

Da magariba na tarar Goggo ta zo, ita da maman yara suna tsakar gida. Na ba su labari. Goggo ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Kai dai ɗan nan, kwaɗo suka sayar maka. Zogalen ga shi nan a bayan ɗakinka." Maman yara ta yi ta dariya. Akwai gaskiya a maganarta, don kwaɗon zogale da na rama mun taso muna ci, kuma ganyen dafaffe ne, babu fargabar ruwa. Sai dai na san hannun Goggo: ƙuli-ƙuli sai ya rufe ganyen, ga magi, ga gishiri, ga man Diamaor a kai har yana ƙyalli. Ita da mai lakatayin nan ba su da nisa. Kuma mai kwaɗo ba ta zama a bakin sitonmu ƙarfe ɗaya na rana, in ma ta zo ba zan ce ta cire min ƙuli ba, an riga an kwaɗa. Abin da shagon ya ba ni shi ne in tsaya in ce sa wannan, bar wancan. Ban faɗa wa Goggo haka ba, ba a gardamar kwaɗo da ita.

Bayan isha maman yara ta ɗauko biro ta yi lissafi: in kullum ne, a wata ya haura jaka sittin, kuɗin hayar wani gidan ke nan. Muka tsaya a kan Talata da Alhamis. Sauran ranakun za ta dafa zogale da wake da daddare, ta yanka tumatir da albasa da safe, in tafi da su a kwanon sha, ƙulin kuma a ƙulla min daban in zuba da hannuna. Ta ce kuma in tambayi yarinyar nawa za su sayar da kwanon a watan huɗu, lokacin da zafi ya haura digiri 40 latas ya ƙone a lambu. Jibi in na je zan tambaya.