Kilim ba inji a bakin Kasuwar Dole

Laraba da dare.

Yaya ya tafi Maraɗi ya bar mini Corollarsa, da sharaɗin in kai Inna Kasuwar Dole ta sayo kayan ɗakin ƙanwarmu. Mun isa bayan azahar. Tana fita ta ce, "Yanzun nan zan dawo." Na san yanzun Inna in ta shiga layin masu tasoshi, sai na gyara zama.

Bazarar Damagaram kuwa ba sai an ba kowa labari ba. Watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40, sitiyari ba ya taɓuwa. Allurar mai ta kusa ja, jaka biyu ce kacal a aljihuna. Matatar SORAZ na nan kan hanyar Tanut tun 2011, amma ba kyauta ake zuba mai ba. Sai dabara ta zo mini: in kashe inji, in bar makulli a kwantak, in kunna kilim, wato na'urar sanyaya mota. Ga sanyi, ga mai a ajiye.

Minti biyun farko har ina yaba wa kaina, iska na fitowa da sanyi-sanyinta. Daga nan ta koma ɗumi, ta koma kamar hucin tanda. Maimakon in gane, sai na ƙure fankar, na kunna rediyo, na sa waya caji. Gyangyaɗi ya kwashe ni cikin gumi.

Sai da aka yi la'asar Inna ta ƙwanƙwasa gilashi, yaro mai tura na bayanta da kwalla da tukwane. Muka loda kaya. Na murza makulli: tak-tak-tak. Na sake, fitilun gaban sitiyari suka dushe, shiru.

Ƴan kabu-kabu uku suka taso za su tura, Allah ya saka musu. Ɗayan ya leƙa ya ga giyar ya ce, "Malam, otomatik ce, ko mu kai ta Mirriya da turi ba ta tashi." Shi ya ɗauko mini wani dattijon bakanike a bayan babur.

Tsohon ya buɗe bonet, ya ji labarina, bai yi dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Ya nuna mini wata igiyar roba da ta zagaye ƙafafun inji. "Ɗana, ka ga kurwar nan? Ita ke juya kwamfareso, shi kuma ke matsa gas har sanyi ya samu. Inji na tsaye, ita ma tana tsaye. Fanka kawai ka yi ta sha." Sanyin farko, in ji shi, ragowar na tafiya ne. Kuma alternato, mai mayar wa batiri wutarsa, shi ma sai inji na juyawa yake aiki. Wato awa biyu ina ɗiba ba a zubawa, daga batiri mai bolt 12 wanda dama ya tsufa, ga farin gari ya taru a kawunansa.

Na ce, "Baba, ai na ji akwai motocin da ke sanyi a tsaye." Ya ce na lantarki ne da masu haɗa mai da lantarki, kwamfaresonsu da wuta yake aiki, tamu ba ta cikinsu.

Ya tsayar da wani mai taksi, ya jona waya, ja a kan alamar ƙari, baƙa a jikin ƙarfen inji. Murzawa ɗaya ta tashi. Ya ce kada in kashe sai na yi tafiyar rabin awa. Jaka ɗaya ta tafi gare shi, ɗayar gidan mai, inda dole na kashe inji, gabana na faɗuwa ko za ta sake tashi. Ta tashi. Muka zagaya ta Birni, ta ƙofar fadar Sarki, muka sake zagayowa, Inna na fifita da gefen mayafi don na hana kowa taɓa kilim. Abin da ta ce kawai shi ne, "Da ka zauna gindin bishiya wurin mai shayi, wa zai kama ka?"

Yaya ya kira bayan isha'i yana tambayar motarsa. Na ce lafiya lau. Gobe da asuba zan fita in murza makulli in gani, kafin in san ko zan ɗauko masa zancen sabon batiri.