Amsa a sama ko a ƙasa: abin da aikin ofis ya koya min game da imel

A ofishinmu an rabu gida biyu kan yadda ake amsa imel. Mafi yawa suna rubuta amsarsu a sama, tsohon saƙon ya biyo baya ɗungurungum. Haka Outlook da Gmail suke shirya shafin, kai dai ka fara rubutu. Masu kula da kwamfutocinmu kuwa sai sun yanko jimlar da za su amsa, da alamar > a gabanta, su sa amsa a ƙarƙashinta, su goge sauran.

Gardamar tsohuwa ce. Tun a 1995, takardar ladubban intanet mai suna RFC 1855, wadda Sally Hambridge ta kamfanin Intel ta rubuta, ta ba da shawarar a ɗauko daga tsohon saƙo iya abin da zai sa a gane maganar. A lokacin intanet tafiyar hawainiya take yi, dogon saƙo nauyi ne ga mai karɓa. Har yau masu gina babbar manhajar kwamfuta mai suna Linux, da suke gudanar da aikinsu ta imel, ba sa lamuntar amsa a sama.

Ni dai na fi karkata ga masu amsa a ƙasa, saboda abin da na gani da idona. Akawunmu ya tura wa wani ɗan kwangila tambayoyi: nawa ne farashin, yaushe kaya za su iso, wa zai biya kuɗin mota. Amsa ta dawo a sama, layi ɗaya: "To, babu damuwa." A kan wanne ne babu damuwar? Sai da kaya suka iso, direba na tsaye a bakin ƙofa yana jiran kuɗinsa, aka gane ba a taɓa daidaitawa kan kuɗin mota ba. Da an bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, wadda aka tsallake za ta fito fili tun ranar.

Sai dai wani dattijo, shugaban sashe, ya taɓa ce min idan aka yayyanka masa saƙo ji yake ana katse masa magana. Ban ga laifinsa ba, tarbiyyarmu ke nan. Don haka idan babba zan amsa wa, nakan fara da gaisuwa, in ce, "Ranka ya daɗe, ga amsoshin a ƙarƙashin kowace tambaya," sannan in shiga.

Barin tsohon saƙo a ƙasa ma yana da ranarsa: wanda aka shigo da shi tsakiyar magana zai ga daga inda aka faro. Amma nan haɗarin yake. Gmail yana ɓoye tsoffin saƙonni bayan ɗigo uku, mutum ya manta suna nan. Kafin in ƙara sunan wani daga waje, nakan danna ɗigon nan in karanta har ƙasa, domin watakila a can ne muka tattauna iyakar kuɗin da za mu iya biyansa.