Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Hoton da Aka Yanke wa Gefe

Ƙanena ɗan gidan Baffa, wanda yanzu kowa ke ce wa Alhaji, ya sake saka hoton nan a zauren dangi na WhatsApp ranar Juma'a. Hoton ne dai da ya kai aka ƙara wa girma, aka sa masa firam mai ruwan zinariya, yake rataye a falonsa. A ƙasa an buga da manyan baƙaƙe wai waɗanda suka kafa kulob ɗin unguwarmu ne, 1968. Baffa na tsugune a tsakiya, ƙwallo a gabansa. Jikoki sai zuba addu'a suke yi, ni ma na ce amin, don Baffa ubana ne, shi ya saya mini keken farko da na hau. Amma hoton nan ba na 1968 ba ne, waɗanda ke cikinsa ba su suka kafa kulob ba, kuma an yanke masa gefe. A gefen da aka yanke ɗin nan Baba yake.

Waɗanda suka san Baba sun san halinsa da takarda. Rasit ne, wasiƙa ce, katin asibiti ne, in ka miƙa masa ba zai dubi gaban ba sai ya fara kifa ta. "Juya bayansa," haka yake cewa. Muna yara mun mai da ita abin tsokana, har tuwo in an ajiye sai wani ya ce a juya bayansa.

Bayan sadakar arba'in ɗin Inna mata suka buɗe adakarta don rabon zannuwa. A can ƙasa, ƙarƙashin atamfofin da ba ta taɓa ɗaurawa ba, aka ci karo da wani ƙunshi cikin tsohuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo, sai warin kafur yake. Hotuna uku ne a ciki. Gwaggo ta miƙo mini ta ce, "Ungo, kai ne mai son tarkace."

Na farkon ƙarami ne, bai wuce tafin hannu ba, baƙi da fari, takardarsa mai kauri, an yanka bakinta tsage-tsage irin na da. Gara ta ci kusurwa ɗaya. Mutum goma sha ɗaya ne, shida a tsaye biyar a durƙushe, kuma uku kaɗai ke da takalmi. Sauran ƙafa ce zalla, wasu sun naɗe idon sawu da bandeji. Yaran yanzu in sun gani dariya suke yi. To ku sani 'yan wasan Najeriya da suka je Ingila a 1949 yawancinsu haka suka buga, ba takalmi. Baba na tsakiyar 'yan durƙuso, sanye da suwaita ta gola da hular sanyi, ya rungume ƙwallon fata mai igiya, irin wanda in ya sha ruwan damina ka sa masa kai sai ka kwana da ciwon wuya. An rubuta shekara da alli a jikin ƙwallon kamar yadda ake yi a lokacin. Ana ganin 196 ɓaro-ɓaro, lambar ƙarshe kuma babban yatsan Baba ya danne ta. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana bin diddigin takardun mutane, shi ya rufe mana lamba ɗaya tilo da muke nema.

Na juya bayansa. Akwai hatimin wani mai hoto na Sabon Gari, ya koɗe har sunan ba ya karantuwa, sai kuma 2/6 da fensir, wato sule biyu da sisi. Wannan bai gaya mini komai ba illa cewa zamanin fam da sule ne, abin da ƙwallon ya riga ya faɗa.

Sai na ɗauka na tafi Tudun Wada wurin Baba Tela. A cikin mutanen wancan lokaci shi kaɗai ya rage da hankalinsa garau, ko da yake ido ya yi rauni. Bai taɓa buga ƙwallo ba, amma shi ya ɗinka musu riguna. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Ɗana, kawo nan bakin ƙofa inda haske yake." Ya kai hoton dab da hancinsa, ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya fara bin su ɗaya bayan ɗaya da farcen ɗan yatsa, yana faɗin suna da unguwa da sana'a: wannan ɗan mahauta ne daga Ƙofar Doka, wannan malamin firamare, wannan a kamfanin taba yake aiki. Na ce, "Baba, yaya kake gane su alhali fuskokin duk sun dushe?" Ya ce shi ba fuska yake dubawa ba, kunne yake dubawa da kafaɗa da tsayuwar mutum, don wanda ka auna da tef ba ka manta kafaɗarsa. Rigunan kuwa ya ce akoko ne aka saya, aka kai marina aka rina da shuni, shi ya yanka ya ɗinka, shi ya sa suka fito baƙi ƙirin a hoton.

Da ya zo kan mutum biyu na ƙarshen layin tsaye sai ya yi shiru. 'Yan ƙabilar Ibo ne daga Sabon Gari, ma'aikatan reluwe, ɗayansu shi ne lamba tara. Sun bar Zariya lokacin tashin hankalin 1966, ba a sake ganinsu ba. Biyu daga cikin takalma ukun da ke hoton nasu ne. Sai a ranar na gane takalmin ƙwallon da ke rataye a ƙusa a ɗakin Baba tun ina yaro, wanda ya yi masa yawa kuma bai taɓa barin kowa ya sa ba. Ajiya ce aka ba shi. Har ya rasu yana shafa masa mai.

Ke nan hoton bai wuce 1966 ba. Gwaggo ce ta ƙarasa aikin, ita da ba ta ƙidayar shekara da lamba. Tana ganin suwaitar ta ce, "Wannan ai ranar uwarku na wankan jegon yayanku ne. Har faɗa aka yi, ana jego shi yana can yana tare ƙwallo." Na ce wace shekara ke nan? Ta ce jami'ar Samaru ta shekara guda da buɗewa, don a nan mijinta ya samu aiki, da albashinsa suka yi wa jaririn kaya. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962, takardar makarantar Yaya Babba kuma 1963 ta ce. Lambar da ke ƙarƙashin yatsan Baba 3 ce. Baffa a lokacin yaro ne ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku, ba ya cikin hoton, kuma ba laifinsa ba ne.

Yanzu ga na biyu, asalin wanda Alhaji ya rataye. Ya fi na farko girma, takardarsa santsi gaba da baya, irin wadda biro ba ya kamawa sosai, wadda sai cikin shekarun 1970 ta yawaita. Kowa da takalmi da doguwar safa. Riguna masu zane tsaye, suma an tara ta ta yi tozo, ga saje har muƙamuƙi. Ƙwallon da ke gaban Baffa mai baƙi da fari ne, samfurin da duniya ta sani daga gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko. Ta yaya zai zo filin firamare a Zariya shekara biyu kafin nan? A bayan hoton kuma an rubuta 50k. Naira da kwabo sun fara aiki ne ranar 1 ga Janairu, 1973.

Na kira Alhaji na gaya masa wannan cikin lalama. Ya ce, "Haba Yaya, ai sake wanke shi aka yi daga baya." Ban raina wannan amsa ba, don gaskiya ne masu hoto suna ajiye fim, in ka koma bayan shekaru su sake wanke maka, hatimi da farashi su zama na ranar wanki ba na ranar ɗauka ba. Ya kuma nuna mini allon makarantar da ke bayan 'yan wasan, mai ɗauke da sunan Jihar Arewa ta Tsakiya. Ita ma na karɓa, an ƙirƙiro ta a 1967. Amma ai ta ci gaba da amsa sunan har 1976 da gwamnatin Murtala ta mai da ita Jihar Kaduna, kuma allon makaranta ba a sauya shi washegari. Allon nan bai tsaya wa kowa ba a cikinmu.

Abin da ba a iya sake wankewa shi ne abin da ke cikin hoton, kuma shi aka sa wa almakashi. A asalin da ke hannuna, daga dama akwai ƙarin wuri kamar faɗin yatsa biyu. Baba na tsaye a nan cikin kaftani da hula, da usur a wuya, ya daina tsaron gida tun da gwiwa ta hana shi, ya koma shi ne koci, shi ne ma'aji, shi ne mai zuwa roƙon hedimasta a ba su fili. Kusa da shi wani yaro ne da aski ƙwal riƙe da bokitin ruwa. Bayan yaron kuma ga gaban babur, Honda, sabo fil har da ledar kujera.

Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san babur ɗin nan, don Udoji muke kiransa. Baffa ya saye shi da kuɗin ƙarin albashin Udoji da aka biya ma'aikatan gwamnati a farkon 1975, lokacin da kowane ma'aikaci ya ruga kanti, wannan rediyo, wannan babur, kaya suka yi tashin gwauron zabo. Da na koma wa Baba Tela da wannan hoton bai ko kai shi kusa da ido ba, zanen rigunan kawai ya hango ya ture hannuna. "Waɗannan ba ɗinkina ba ne. Na kanti ne. Da suka samu kuɗin Udoji ai sai suka manta hanyar shagona." Shekara hamsin ke nan abin na cinsa. Ciyawar filin kuma a bushe take ƙarau, bayan hoton ya yi fari da hazo, ledar kujera ba a cire ba. Hunturun farkon 1975 ne.

Yaron mai bokiti ni ne, ina da shekara goma. Na gaya wa Alhaji, ya ce ai duk yaron da aka yi wa ƙwal kamarsu ɗaya. Shi da ba a ma ɗaura auren uwarsa ba a lokacin.

Ba na cewa da gangan ya yanke. Mai yiwuwa mai firam ne ya ga wani dattijo ba jesi da yaro da bokiti ya ce suna ɓata tsari. To amma shekarar fa, wa ya ba shi? Kuma tun da na nuna masa asalin, Sallah nawa aka yi hoton na nan rataye yadda yake? Baba bai bar gida mai bene ba, bai bar mota ba. Kulob ɗin nan ya bari, shi ya tara yaran mahauta da na malamai da na reluwe ya sa musu riga iri ɗaya. Lokacin da Mighty Jets ta Jos ta ɗauki gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, da lokacin da Raccah Rovers ta Kano ta ɗauka a 1978, a zaurenmu ake taruwa a bakin rediyonsa, yana fassara wa waɗanda ba sa jin Turanci, yana ƙara gishiri. Ranar da Najeriya ta ci Aljeriya 3 da nema a Legas ta ɗauki kofin Afirka a 1980, Odegbami biyu Muda Lawal ɗaya, na ga Baba ya yi tsalle da wannan gwiwar tasa har hula ta faɗi. Inna ta leƙo ta ce, "Malam, da girmanka?" Sati guda yana ɗingishi. Baffa na wurin ranar, kuma da bakinsa ya sha faɗa cewa yayansa ne ya koya masa taka leda. Da yana raye shi zai fara sauke firam ɗin nan.

Na ukun mai kala ne, ya rine ya koma ja-ja kamar yadda hotunan farkon shekarun 1980 suke yi. Ina ciki, a benci. Ba ni da abin faɗa a kansa, shekarun nan na bar gari, kulob ɗin ma bai daɗe ba ya watse.

Na zauna da Baba Tela na rubuta sunayen duka a bayan hotunan da fensir, layi-layi daga hagu zuwa dama, da shekara, da dalilin da ya sa na ce shekarar ce, don wanda zai juya bayansu nan gaba ya tarar da wani abu. Biro yana huda tsohuwar takarda ya ɓullo ta gaba, kada ku yi amfani da shi. Mutum biyu a hoton 1975 sun gagare mu, na biyu daga hagu a tsaye da wanda ke durƙushe kusa da gola mai tabo a goshi. Baba Tela ya ce tunda ba shi ya auna su ba, ba ruwansa da su. In akwai ɗan Zariya da mahaifinsa ya buga ƙwallo a cikin birni a shekarun nan, mai tabo a goshi, ina nemansa.

Jiya da daddare Alhaji ya aiko yaronsa, wai yana gaishe ni, in zo ranar Asabar bayan la'asar da asalin hoton a duba tare. Na ce a gaya masa ina zuwa. Na sa 'yata ta kai an yi mini kwafi biyu, gaba da baya, su zan riƙa. Asalin na nan cikin adakar Inna, makullin kuma na hannun Gwaggo.