Kada ka ce ka ga jirgi alhali ba ka tabbatar ba

Ɗalibin tuƙin jirgin sama, ga wani kuskure da kusan dukkanmu muka yi a farkon koyo. Hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage ta ce maka akwai wani jirgi a gabanka ta dama, sai bakinka ya riga idonka, ka amsa da "traffic in sight", wato ka ga jirgin, don kada a ce ba ka iya ba. Wannan amsar alkawari ce. Da zarar ka furta ta, mai kula da zirga-zirga zai ɗauka cewa kana kallon jirgin, kuma yana iya ɗora maka nauyin kauce masa. In ba ka gan shi ba, ka ce "looking" (ina dubawa) ko "negative contact" (ban gan shi ba). In kuma ka gan shi ya ɓace maka, ka faɗa nan take.

Ranar 25 ga Satumba 1978 a San Diego ta Amurka, wani Boeing 727 na kamfanin PSA ya afka wa ƙaramin Cessna 172 da ake koyar da tuƙi a cikinsa. Matuƙan babban jirgin sun ce sun ga ƙaramin, daga baya ya ɓace masu a ƙarƙashinsu, ba su kuma bayyana wa hasumiya hakan ƙarara ba. Shi ma ƙaramin ya karkace daga alƙiblar da aka ba shi bai sanar ba. Mutum 144 suka rasu.

Lokacin kaucewa ƙanƙani ne ƙwarai. Jiragen koyo biyu da suka fuskanci juna, kowanne na gudun kilomita 185 a awa, suna cinye tazarar kilomita biyu a ƙasa da daƙiƙa 20. Hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta ƙiyasta cewa daga hango jirgi zuwa gane haɗarin, yanke shawara da juyawar jirginka, daƙiƙa 12.5 ake buƙata. A Zariya ko Kano lokacin hunturu, hazo kan rage nisan gani har abin da ya rage maka bai kai haka ba.

Abin da ya fi yaudara shi ne jirgin da zai yi karo da kai ba ya motsi a gilashin gabanka. Yana nan a wuri ɗaya kamar ɗigon ƙuda, sai dai yana girma. Ido kuwa motsi yake saurin kamawa. Saboda haka kada ka share sama da kallo ɗaya. Ka raba ta yanki-yanki, kamar digiri 10 kowanne, ka tsayar da ido aƙalla daƙiƙa ɗaya a kan kowane yanki. Ka goge gilashi kafin tashi, domin tabo kaɗan na iya ɓoye jirgi.

Mafi yawan kusantar juna tana faruwa ne a kewayen filin sauka, inda kowa ke tsayin ƙafa 1,000 yana neman titi ɗaya. Jirgi mai fiffike a sama ba ya ganin abin da ke bisansa, mai fiffike a ƙasa kuma ba ya ganin ƙarƙashinsa. In mai fiffike a ƙasa yana gangarowa a kan mai fiffike a sama, babu mai ganin ɗan'uwansa. Kafin ka juya, in jirginka mai fiffike a sama ne, ka ɗan ɗaga fiffiken ɓangaren ka leƙa. Kafin ka miƙe zuwa titi, ka duba layin saukar har can nesa, domin wani na iya tahowa kai tsaye.

A rediyo, ka saurara kafin ka danna maɓallin magana. In mutum biyu suka danna tare, ƙara kawai ke fita, saƙon ya salwanta. Lambar titi, tsayi, alƙibla da QNH (matsin iskar da ake saita ma'aunin tsayi da shi) dole ka maimaita su da lambar jirginka. "Roger", wato na ji, ba ta wadatar ba. Kuskuren maki 10 a QNH na sauya tsayinka da kusan ƙafa 300. Abin da ba ka ji sosai ba, ka ce "say again", wato a maimaita. Ka kuma faɗi ainihin inda kake, ba inda kake fatan kaiwa ba, domin sauran matuƙa da maganarka suke neman ka.

In kun fuskanci juna, kowa ya karkata dama. In kuna kusa da sauka ka rasa inda na gabanka yake, ka ƙara wuta ka fasa saukar, sannan ka sanar da hasumiya. Bayan ka sauka ka rubuta rahoton abin da ya faru, ka zauna da malaminka ku bi shi dalla-dalla tun kana tuna tsayi, lokaci da abin da aka faɗa a rediyo.