Haƙorin da ya daina ciwo bai warke ba

Ɗan ƙanwata da ke koyon ɗinki a shagona a Unguwar Rogo da ke Jos ya shigo da kunci a kumbure, ya kare baki da hannu saboda iskar hunturu. Na ce, "Kai, me ya same ka?" Ya ce, "Ba komai Kawu, haƙori ne. Na sha ƙwaya daga kyamis, har ya fara lafawa." Ya ciro kanumfari daga aljihu ya tura cikin kogon haƙorin, ya hau keken ɗinki. Gabana ya faɗi, domin wannan maganar da bakina na sha faɗinta ina saurayi.

Ni tela ne, kuma tela da haƙori yake yanke zare, da shi yake riƙe allura idan hannu ya cika. Har yau akwai tsagi a haƙoran gabana. Amma ba wannan ne ya cinye mini baki ba, shayi ne. Wanda ya san sanyin Jos a watan Disamba ya san ba a ɗinkin dare ba tare da kofi a gefe ba. Madara da sukari sai cokali ya yi nauyi, ina kurɓa kaɗan-kaɗan daga isha'i har tsakar dare, in kwanta a kan tabarmar shago ban ko kurkure baki ba. Da rana kuma alewa a kunci don kada barci ya ɗauke ni. Ban san cewa duk kurɓa ɗaya ƙwayoyin cutar da ke manne a haƙori suna samun abinci ba, su mayar da sukarin tsami, tsamin ya riƙa cin ɓawon haƙori. Yawan maimaitawar ya fi yawan sukarin ɓarna. Da dare kuma miyau yana raguwa, babu mai wanke wurin.

To wa ya gaya mini? A gidanmu tsutsa ake cewa ke cin haƙori. Ina yin asuwaki kafin salla, na ɗauka na sauke nauyi. Kuma kuɗin asibiti a lokacin na shinkafar gida ne, ina da iyali da ƙanne a wuyana. Wannan gaskiya ne. Sai dai kuɗin da na zuba a ƙwayoyi, da na kai wa masu tallar maganin tsutsa a bakin kasuwar Taminus, da ya biya ciko tun ramin yana ƙarami. Tsoro ne ya fi yawa, na allura da na abin da likita zai ce.

Na sa kanumfari, na sa kanwa, na danna asfirin a jikin dasashi har ya ƙone ya yi fari. Wani ya ba ni shawarar ruwan batir, Allah ya tsare ban yi ba, amma na san wanda ya yi. Wata rana zugin ya ɗauke ɗif, na yi hamdala na ce na warke. Ashe jijiyar cikin haƙorin ce ta mutu, shi ya sa babu abin da ke kai mini ƙara. Cutar ta ci gaba da gangarawa saiwa, ta tara mugunya a ƙashin muƙamuƙi. Ana sauran kwanaki sallah, kayan mutane jibge, na wayi gari fuska ta haye har ido, ga zazzaɓi, baki ba ya buɗuwa. Turmin aka cire, na kusa da shi ma bai tsira ba. Likitan ya ce irin wannan kumburi idan ya sauka ƙarƙashin harshe yana iya toshe numfashi. Daga baya wasu suka bi. Yau ɓangare ɗaya nake tauna, tsire kuwa sai an yanka mini shi ƙanana.

Abin da ya fi yi mini ciwo 'yata ce ta fari. Ina dawowa da alewa kullum, haƙoran nononta suka ruɓe, muka ce ai za su zube wasu su fito. Ba mu san cewa turamen farko na dindindin suna fitowa ne wajen shekara 6 ba, can baya, ba tare da wani ya faɗi ba. Muka ɗauka na nono ne, ɗaya ya lalace a gabanmu.

Ku matasa, na zauna da niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma na san halinku, kan a kai ƙarshe kun koma kan waya. Yaro zai sayi data kullum, ya sha lemon kwalba da wanda suke cewa yana ƙara kuzari, ya buɗe murfin da haƙori, amma buroshinsa ya baje tun bara!

Ku goge baki sau biyu, na kafin barci shi ne ba a fashi. Minti 2, da man da ke da fulorayid, wato sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori, buroshi mai laushi, a sauya shi duk wata 3. In kun gama ku tofar, kada ku bi da ruwa ku wanke man. Asuwaki sunna ne, kada ku bari, kakana da shi kaɗai ya rayu kuma ya rasu da haƙoransa. Amma kakana bai sha abin da kuke sha ba, saboda haka ku shi kaɗai ba zai ishe ku ba. Yara kuwa a fara goge musu tun haƙorin farko, wajen wata 6, da ɗan shafen mai, babba ya riƙa tsayawa a kansu har su kai shekara 7.

Ku bar sukari. Ko da yake ni ma ban bar shayi ba, ba zan yi muku ƙarya ba. To a rage, a shanye a zama ɗaya.

Rami in ya buɗe ba ya rufe kansa, babu ƙwayar da ke cike shi. Jinin da kuke gani wajen goge baki ma dasashi ne ya kumbura, ba dalilin daina gogewa ba ne. Akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, akwai a asibitin ƙwararru na jihar Filato. Shi kuwa ɗan ƙanwata, na kira mahaifiyarsa, na ce gobe ba ɗinki, ni zan kai shi da kaina, kuɗin kuma a kaina.