Yadda na rage kwafin bayanai wajen aikawa a kanel ɗin Linux

Aikin da aka ɗora mini shi ne in gano dalilin da ya sa sabarmu, wato kwamfutar da ke aika wa wasu kwamfutoci bayanai, take gajiya tun kafin ta cika layin sadarwar da take kai. Manhajar ba ta yin wani lissafi mai nauyi. Tana haɗa manyan bayanai ne a cikin memori, ta miƙa su ga kanel, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, shi kuma ya yanka su ƙunshi-ƙunshi ya aika ta TCP, wato ƙa'idar da ke kula da isar bayanai tsakanin kwamfutoci. Da na auna da perf, manhajar auna aikin firosesa a Linux, sai na tarar cewa kaso mai tsoka na lokacin firosesa yana ƙarewa ne a wuri guda, wajen kwafe bayanai daga mazubin manhaja, wato wurin da take ajiye su a memori, zuwa mazubin soket, wato ƙofar da manhaja take aika bayanai ta cikinta.

Da farko na ɗauki wannan kwafi a matsayin ɓarna tsagwaronta, amma yana da dalili mai ƙarfi. TCP ba ya sakin bayanai sai ɗaya ɓangaren ya tabbatar da cewa sun isa, domin idan ƙunshi ya ɓata a hanya dole a sake aika shi. Kwafin da kanel yake yi shi ne yake ba manhaja damar sake amfani da mazubinta da zarar kiran send, wato umarnin aikawa da take ba kanel, ya dawo, ba tare da ta damu da abin da ke faruwa a kan layi ba.

Na duba sendfile, wani kiran aikawa mai rage kwafi wanda yake cikin Linux tun siga ta 2.2, amma shi na bayanan da ke cikin fayil ne, namu kuwa a memori ake haɗa su. Saboda haka na koma ga MSG_ZEROCOPY, tsarin aikawa ba tare da kwafi ba, wanda Willem de Bruijn ya rubuta, ya kuma shiga Linux 4.14 a 2017. A nan kanel ba ya kwafe komai: yana kafe shafukan memorin manhajar, waɗanda galibi kowanne bayit 4096 ne, yadda ba za a motsa su ba, sannan katin sadarwa ya ɗebi bayanan kai tsaye daga can, ya haɗa su da kan ƙunshin, wato sashen da ke ɗauke da adireshi, wanda kanel ya shirya daban.

Gwajina na farko bai nuna wani ci gaba ba, har ma ya ɗan fi muni. Na ɓata lokaci kafin in gane cewa mai aikawa da mai karɓa duk a kan kwamfuta ɗaya na saka su, kuma a irin wannan hali kanel yana komawa ga kwafi ne, tun da ba zai bar shafukan wata manhaja a kafe ba har sai wata ta ga damar karantawa. Kanel ɗin yana faɗin haka a cikin sanarwar da yake ba manhaja bayan aikawa, ni ne ban duba alamar ba.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi tayar mini da hankali. Da na koma gwaji tsakanin kwamfutoci biyu, saurin ya fito, amma lokaci-lokaci mai karɓa yakan sami bayanai gurɓatattu, kuma TCP bai taɓa yin ƙorafi ba. Dalilin shi ne manhajarmu ta ci gaba da tsohuwar ɗabi'arta ta rubuta sabon abu a mazubi da zarar send ya dawo, alhali katin bai gama ɗiba ba, ko kuma TCP yana shirin sake aikawa. Tun da katin ne yake lissafa lambar tantancewa, wadda ake gane gurɓatar bayanai da ita, a lokacin da yake aikawa, sai ya lissafa ta a kan gurɓatattun bayanan, ƙunshin ya isa tamkar lafiyayye. A nan na fahimci cewa abin da na cire ba kwafi kaɗai ba ne, na cire yarjejeniyar da ke fayyace wanda yake da mazubin a kowane lokaci.

Gyaran ya ci aiki fiye da kunna tsarin kansa. Kowane kiran aikawa yana samun lamba, kuma idan kanel ya gama da shafukan sai ya ajiye sanarwa a layin kurakurai na soket, wanda ake karantawa da MSG_ERRQUEUE. Sau da yawa sanarwa ɗaya takan ƙunshi jerin lambobi. Na gina rumbun mazubai, kowanne ba ya komawa hannun manhaja sai lambarsa ta fito. Idan aka yi sakaci da karanta sanarwar, kira na gaba zai iya dawowa da kuskuren ENOBUFS, wato babu sauran wuri.

Kafe shafuka da sarrafa sanarwa su ma suna cin lokaci, shi ya sa takardun kanel suka ce tsarin yakan yi amfani ne idan abin da ake aikawa ya haura kimanin kilobayit 10. Awon da na yi bai saɓa wa haka ba, don haka na bar ƙananan saƙonni a kan tsohuwar hanya, manya kaɗai suke bin sabuwar, kuma na saka ma'aunin da ke ƙirga sau nawa kanel ya koma ga kwafi a ɓoye.