Layi ɗaya da na rubuta wa Alhaji

Shekara shida ke nan ina aiki a wani ofishi a Jidda. Muna kama wa masu Umra masauki a Makka da Madina, mu tanadar musu motar da za ta ɗauko su daga filin jirgi. Rabin aikina musayar imel ne da wakilanmu na Kano.

A ƙarshen Sha'aban ɗin da ya wuce, ranar Lahadi da ƙarfe takwas na safe, na rubuta wa wani dattijon wakili layi ɗaya: "A turo sunayen fasinjoji yau kafin Azahar." Tun 2013 hutun mako a Saudiyya ya koma Juma'a da Asabar, Lahadi muke buɗe aiki. Na shafa'a cewa a Kano ƙarfe shida ne na safe, kuma ofishinsa ba ya buɗewa ran Lahadi. Da na ji shiru, washegari na sake turawa, na saka mudir ɗinmu, wato manajan ofishinmu wanda Balarabe ne, a kwafi yadda tsarin ofis ya tanada.

Sai ran Talata na ɗaga waya. Bayan ya amsa sallama ya ce, "Ɗana, ni za ka aiko wa takarda ba gaisuwa, ba ya iyali, kamar kana bina bashi? Sannan ka sa Balarabe a ciki. Ƙarata ka kai?"

Jikina ya yi sanyi. Wannan mutumin sa'an mahaifina ne, in ya zo Makka har gida yake kawo mana kilishi da daddawa. Ashe yaron ofishinsa ne ya karanta masa saƙonnin biyu a jere, ya ji su kamar tsawa. Da baki na faɗa, da ya ji gajiya da damuwa a muryata, ya san otal ne ya matsa mini lamba saboda azumi ya ƙarato. Abin da ya fi ci masa rai shi ne kwafin nan. A wurinmu ajiye shaida ne kawai, shi kuwa ya ɗauka na tona masa asiri gaban baƙo.

Na ce, "Baba, ka yafe ni, wallahi ban nufi haka ba." Ya yafe nan take, amma ɗakuna huɗu na kusa da Harami sun riga sun tafi. Aziziyya, wata unguwa a Makka mai ɗan nisa da Harami, muka sauke mutanensa, cikinsu har da tsofaffi mata biyu da suka riƙa bin bas zuwa Tarawihi kowane dare. Har yau in na tuna su, raina ba ya mini daɗi.